Akwatin Kalilu Ya Dawo Gida

Ranar da labarin ya iske Saude, ranar kasuwar Sabon Birni ce, damina ta yi tsakiya. Tana zaune a layin masu nono, ƙwaryarta a gabanta, tana korar ƙuda da faifai, sai ta ga mata suna miƙewa suna duban bakin hanya.

Jaki ne ya shigo daga wajen Isa, an ɗaura masa koren akwatin ƙarfe.

Saude ta san akwatin nan. A gabanta Kalilu ya saye shi a wannan kasuwa. A ranar ya zo ya durƙusa kamar mai sayen fura, ya ce mata ƙasa-ƙasa, "En'e za ta kai ni Ingila, karatun jami'a. Ki jira ni, Saude." Ba ta ɗaga kai ba. Ludayi ɗaya na nono ta ƙara masa, amsarta ke nan, shi kuma ya gane.

Mai jakin ya ce, "Gidan Maijidda nika nema, uwar Malam Kalilu."

Wata mai nono ta ce, "Shi Kalilun hwa?"

"Ni dai tashar Isa anka ba ni. Su kau direban Ƙaura ya kawo musu, shi kuma wani mai goro ya sauko da shi daga jirgin Ikko. An ce a kai gida. Iyakar sanina ke nan."

Sai wata tsohuwa ta nuna mariƙin akwatin, ta dafe ƙirji. Makulli ne a ɗaure da zare.

Mutanen Gobir sun san irin wannan akwati. Haka na sojojin yaƙin Bama suka riƙa dawowa, haka na alhazan da suka rasu a hanyar Makka: kaya su zo, makulli a ɗaure, mai kaya bai zo ba. Mai rai ba ya rabuwa da makullinsa.

A zauren Maijidda aka buɗe shi gaban liman. Riguna a ninke, hula, takalma kife a sama. Liman ya yi salati ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Wani malamin makaranta ya ce a dakata a tambayi Sakkwato tukuna. Amma gulbi ya cika, motar wasiƙu ta daɗe ba ta ƙetaro ba, dattawa kuma suka ce masa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Saude fa Bafulatana ce, 'yar rugar Kurawa, da filako aka raine ta. Ko ƙaya ta taka gaban mutane ba ta cewa wash. Mahaifinta Malami, wanda take kira Baffa, ya taɓa tsare ta a bayan garke ya ce ya ji ana haɗa ta da wani Kaɗo, wato Bahaushe, ɗan boko, shi kuwa ba ya ba Kaɗo 'yarsa. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ban san shi ba, Baffa. Nono kawai shika saye." Burin Baffa ta auri Labbo, ɗan ƙanensa, wanda ya sha bulalar shaɗi dominta bai ko ƙifta ido ba. Ita kuma tana ta ja da baya da dabara har sa'o'inta duk suka yi aure. Ita ma Maijidda ta sha faɗa a bakin rijiya cewa ɗanta ba zai kawo mata mai warin man shanu cikin gida ba.

Duk wannan Saude ta manta shi a ranar.

Ba ta san sanda ta ture ƙwarya ba. Nono ya malale a ƙasa, ita kuwa ta keta kasuwa a guje, kallabi ya faɗi ba ta waiwaya ba. Ta ratsa maza a ƙofar zaure ta faɗa kan akwatin.

"Wayyo Kalilu! Kalilu nawa! Ka ce in jira ka, ga ni ina jira! Wa ka bar ma ni?"

Cikin mazan nan har da Baffa da Labbo, sun kawo bajimi kasuwar kara, hayaniya ta jawo su. Baffa ya ja malafa ya rufe fuska. Labbo ya tsura wa sandarsa ido.

Maijidda ta rarrafo ta ɗago fuskar Saude, ta daɗe tana dubanta.

"Ashe ke ta," in ji ta. "Ashe ke ta, ɗiyata."

Suka rungume juna suna kuka.

*

Da Saude ta koma ruga ta tsefe kitsonta, ta cire 'yan kunne da awarwaro, ta daina sa kwalli.

Mahaifiyarta Inno ta ce, "Takaba kika yi, Saude? Wa ya ɗaura muku aure?"

"Bar ni, Inno."

Baffa ya ce a ƙyale ta. "Mamaci ba shi neman aure. In ta gama, Labbo na nan."

Mutuwa ta rufa mata asiri. Matan da ya kamata su yi da ita sai suka riƙa cewa Allah sarki, so ne. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in. Maijidda ta rabar da rigunan ɗanta sadaka, liman ya sami babbar, maƙwabta suka sami sauran. Hular kuwa ta naɗe ta a tsumma ta danƙa wa Saude, ita kuma ta ɓoye ta a ƙarƙashin jeren ƙoranta.

Sai da gero ya nuna ta sake shiga kasuwa.

A lokacin Wakilin gari ya sayo rediyo daga Maraɗi, irin mai katon batir, shi ne na farko a Sabon Birni. Kullum bayan la'asar a fito da shi ƙofar gida a ɗora kan turmi, jama'a su taru. Ranar nan Saude ta sayar da nononta za ta wuce gida, ta tsaya a bayan mata don ta ga akwatin da ake cewa yana magana.

Wani mutum a ciki yana cewa, "Yau daga nan Landan muna tare da wani ɗalibi daga Lardin Sakkwato. Malam, barka da zuwa. Yaya sanyi?"

"Lahiya lau. Sunana Kalilu, daga Sabon Birnin Gobir."

Wani tsoho ya zabura ya bar takalminsa yana a'uziyya. Mata suka yi baya. Wakili ya daka tsawa, "Ku yi shiru mu ji!"

Muryar ta ci gaba, da 'yar dariyar nan tasa da ba ta ɓuya.

"Sanyin nan ba a ba da labarinsa. Ina kwana a wani ɗan ɗaki can saman bene, gidan wata tsohuwa. Wutar ɗumama ɗakin sai ka jefa mata kwabo take ci, in ya ƙare ta mutu, ko kana tsakiyar karatu. Da sahe in shiga jirgin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa kamar gahiya, mutum ya zauna kusa da kai daga tasha har tasha bai ce ma ina kwana ba. Rana kau sai a yi mako ba a gan ta ba, da agogo nika gane lokacin salla. Ɗakin littattahanmu ya hi kasuwar Isa girma, amma ko tari ka yi sai an dube ka. Abinci dankali dahwahwe, ba yaji ba daddawa. Yara kuma in sun ga tsagen huskata sai su tambaye ni ko damisa ta yakushe ni. In ce musu a'a, gadon gidanmu na."

"To tufafi fa?"

"Ai tun a Ikko anka ba mu kwat da wandon ulu, anka ce rigunanmu ba su tare sanyi. Sai nit tattara su cikin akwati, na ɗaura makulli don kada Inna ta wahala wurin buɗewa, na ba wani mai goro ya kai mini gida. Na san tana nan ta aje mini su."

Liman ya dubi rigar da ke jikinsa. Na kusa da shi ma ya dubi tasa.

"Me ka fi kewa a gida?"



"Hura da nonon rugar Kurawa. Akwai mai ƙara mini ludayi guda. In tana ji, ta sani ban manta ba."

Abin da ya fara zuwa wa Saude daɗi ne. Yana da rai. Yana numfashi, yana dariya, yana tuna ludayinta. Maijidda ta zube ƙasa tana kabbara, mata suka rangaɗa guɗa.

Sannan aka fara waiwayowa.

Ido ɗaya, ido biyu, har taron duka ya juyo kanta, kan tsefaffen gashinta da kunnuwanta marasa 'yan kunne. Wani mahauci ya ɗaga murya.

"Amaryar gawa! Albishirinki, angon ya tashi!"

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Saude ta kifa ƙwarya a ka ta bi hanyar Kurawa, tana ji a bayanta ana kwaikwayon muryarta: "Kalilu nawa! Kalilu nawa!"

*

Kafin a gama yankan gero 'yan mata sun yi mata waƙa a dandali: Saude mai kukan aro, ta yi takaba ba sadaki. Makiyaya suna rera ta a bakin mashaya. Matan ruga suka daina zama wurin Inno. Saude ba ta ƙara fita daga bukka ba sai in babu kowa.

Wata safiya Baffa ya tsaya a ƙofar bukkar, bai shiga ba.

"Da ya mutu, kukanki ya mutu tare da shi. Yanzu yana raye, kukan ma yana raye, yana yawo kasuwa kasuwa. Ni ba ni iya haɗa ido da Hillanin ƙasar ga. In an buɗe gonaki za ni kora shanu arewa, hayin iyaka, ƙasar mulkin Faransa. Ban tilasta ki ga Labbo. Amma in kin zauna, ke ɗai za ki zauna."

Da yamma Labbo ya same ta tana wanke ƙorai. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Na ji kukan da kinka yi, Saude. Da kunnena na ji shi."

Ta ci gaba da wankin ƙorai.

"Can arewa ba wanda ya ji shi sai ni. Ni kau ba ni tuna miki, har in mutu."

Hawaye suka zubo mata cikin ruwan wankin. Da ma zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Ana saura kaɗan su tashi, sai ga Maijidda ta tako da ƙafa tun daga Sabon Birni, zanenta duk ƙarangiya. Inno ta shimfiɗa mata tabarma a ƙofar bukka. Matan ruga suka matso kamar masu tsince hatsi. Baffa da Labbo suna gindin gawo suna gyaran igiyoyin maruƙa, inda duk abin da aka faɗa za su ji.

"Hito, ɗiyata," in ji Maijidda. "Ni ta."

Saude ta fito ta durƙusa, fuska a rufe da mayafi. "Sannu da hanya, Gwaggo."

"Kin rame."

"Lahiyata lau."

"Kina tsammani ke ɗai kinka ji kunya? Ni na bi gida gida ina roƙon rigunan ɗana. Liman sai da ya sa anka wanke tashi kahin ya aiko. Wani ya riga ya yanke tashi ya yi ma yaro taguwa. Ni na ci tuwon sadakar ɗana yana can yana cin dankali!"

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Saude ta ce, "Taki kunyar ta uwa ta, Gwaggo. Uwa in ta yi kukan ɗanta, gobe an manta. Ni mi nike gare shi? Da wane suna nit tsehe kaina?"

"Da sunan da za a ɗaura in ya dawo. Ni na ƙi ki da, ban ɓoye ba. Amma ranar nan na ga wadda ta riga ni hwaɗuwa kan akwatin ɗana. Taho ki zauna wurina, ɗakina ya ishe mu."

"In zauna gidan saurayi ba aure? A ƙara ma waƙar baiti?"

"Waƙa tana tsuhwa, Saude."

"Ba ta tsuhwa a ruga."

Maijidda ta kama hannunta. "To ji nan. Gobe malamin makaranta za shi rubuta mishi takarda. Duniya duka ta ji ya aiko miki da gaisuwa, amsa shika jira. Kalma guda nika so. In ce kina jiran shi?"

Hannun Baffa ya tsaya a kan igiya.

Kalmar tana nan a bakin Saude. Gajeriya ce, ta faɗi wadda ta fi ta nauyi gaban kasuwa guda. Amma a wancan lokaci gawa take yi wa magana, gawa kuwa ba a jin kunyarta. Yanzu mutum ne mai rai, wanda zai dawo ya ji yadda ta yi birgima a ƙasa, ya ji waƙar, ya dube ta da idon da ya sani. Ta ɗaga kai kaɗan ta hango malafar Baffa, wadda ya taɓa ja ya rufe fuska saboda ita.

"Saude, don Allah," in ji Maijidda. "Don darajar iyayenki."

Saude ta zare hannunta. Ta shiga bukka, ta ɗaga jeren ƙorai, ta fito da ƙullin tsumma ta ajiye a cinyar tsohuwar.

"Ga hular. Ki haɗa da sauran."

"Amsar hwa?"

Muryarta ta fito a bushe, kamar ta wata.

"Ban san shi ba, Gwaggo. Nono kawai shika saye."

Maijidda ta daɗe tana dubanta. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta ɗaure ƙullin a bakin zane.

"Allah ya isa tsakanina da kunya," in ji ta. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba.

*

Aka ɗaura auren Saude da Labbo a kan hanya, a wani mashekari bayan sun ƙetare iyaka. Labbo ya cika alkawari. Bai taɓa ambaton Sabon Birni a gabanta ba, ko da wasa, ko cikin faɗa.

Rani na biyu suna bakin wata rijiya a ƙasar Madawa, Saude na jan guga da goyo a baya, Labbo na tsare shanu a kwamin shan ruwansu. Wani Bagobiri mai fataucin kanwa ya tsaya shan ruwa, hira ta kai su gida.

"Kun ji ɗan Maijidda na Ingila ya rasu?"

Labbo ya ce, "An taɓa hwaɗin haka."

"Wannan karo gaskiya ta. Ciwon haƙarƙari, cikin sanyi. Can anka rufe shi. Di'o da kanshi ya zo da takarda. Ko allura ba ta dawo ba, balle akwati. Abokinshi da ya dawo ya ce tun da wata wasiƙar gida ta iske shi bai ƙara dariya ba, ko rigar sanyin sai an tuna mishi." Ya kurɓi ruwa. "Abin tausai, zaman makokin ba kowa. Wasu sunka ce ai an riga an yi. Wasu sunka ce ba su sake zama abin dariya, a jira rediyo tukuna. Uwar kau ta ƙi yarda. Kullum la'asar tana ƙohwar Wakili, wai za shi sake magana."

Igiya ta ci gaba da wucewa ta tafin Saude, hannu bayan hannu.

Labbo ya matso, ya yi ƙasa da murya yadda baƙon ba zai ji ba.

"Saude. Tahi bayan gezar can. Ni za ni ja gugan. Ba mai ganin ki."

Ta dubi gezar. Ta dubi matan da ke jiran layi da tulunansu.

"Shanu ba su sha ba," in ji ta.

Ta juye gugan a kwami, ta sake zura shi. Ba ta yi kuka a ranar ba. Ta jira kukan ya zo washegari, bai zo ba. Kukan Kalilu ta riga ta yi shi tun yana da rai, mutane sun karɓe shi sun yi waƙa da shi, ba su bar mata ko ɗigo ba.

Yanzu Saude ta tsufa. Baffa da Inno sun daɗe da rasuwa, Labbo ma ya bi su, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne. Tana zaune a Isa gidan babban ɗanta. Masu waƙar nan duk sun mutu ko sun manta, ba wanda ya san ta da wani suna sai Kaka.

Akwai ɗan ƙaramin rediyo a ɗakinta, jikoki suna yi mata tsiya wai ta fi kowa son labarai amma ba ta taɓa sauraren ko ɗaya har ƙarshe ba.

Kullum in ta sallame la'asar sai ta jawo shi kusa da kunnenta ta murɗa. Ta jira muryar farko ta yi sallama. In ta ji ba ta Kalilu ba ce, sai ta kashe, ta rufe shi da faifai, ta ajiye har gobe.